Ba Zan Ƙona Ɗan'azumi Ba

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, sai ku yi haƙuri. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun da babi na 14 ya fita, na haɗiye ta ta ƙi wucewa, don haka na ga gara in amayar da ita kowa ya huta.

Tun ranar da Ɗan'azumi ya buɗe baki a cikin labarin nan ya gaya wa matarsa cewa shi fa ya nemi imani a zuciyarsa bai samu ba, wayata ba ta huta ba. Wasu nasiha suka yi mini, na gode, Allah ya bar zumunci. Wasu zagi ne ta uwa ta uba, har da wanda ya tambaye ni nawa Yahudawa suka biya ni (da sun biya, ai da mai ɗab'i bai ci gaba da bina bashin bara ba). To amma mafi yawanku buƙatarku ɗaya ce, wato a ƙarshen labari ko dai Ɗan'azumi ya tuba yana kuka a gaban malam, ko kuma ya yi mummunan ƙarshe don ya zama izina. Wata baiwar Allah ma har ta tsara mini yadda za a yi: tankar mai ta faɗi a hanyar Jega zuwa Koko, ya ƙone ƙurmus, a rasa abin binnewa. Wata kuma ta ce a'a, ya haukace ya riƙa bin bola yara suna jifansa.

Ba zan yi ko ɗaya ba. Kuma kafin wani ya riga ni, ni Musulmi ne ɗan Musulmi, ina salla ina azumi, ina roƙon Allah ya kashe ni a kan kalmar shahada. Ban yarda da abin da Ɗan'azumi ya tafi a kai ba, ban kuma ce kowa ya bi shi ba. Abin da na ƙi shi ne in yi masa ƙarya, domin kuwa mutumin nan ba daga kaina na ƙago shi ba. Na san shi, na ci abincinsa, kuma da shi aka rufa wa gidanmu asiri.

A shekarar 1998 ina ajin ƙarshe a sakandare mahaifinmu ya rasu. Fataucin albasa yake yi, yana saye a Aliero da ƙauyukan Maiyama a loda masa zuwa Legas. A hanyar dawowa motar da ya shigo ta yi karo wajen Kwantagora, ko gawarsa ba mu gani ba, can aka yi masa sutura. Ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, ni ne babban namiji. Wanda ya san cinikin albasa a wancan lokaci ya san babu takarda babu sa hannu, magana ce kawai da musafaha. Mutum zai bar kuɗinsa wurin dillali tun albasa tana ƙasa, ko ya ba da kaya bashi sai an dawo daga kurmi. Duk abin da Baba yake bi da wanda ake binsa a cikin kansa yake, kan kuwa ya tafi da shi.

Masu binsa bashi ba su bari an yi sadakar uku ba. Waɗanda yake bi kuwa shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Akwai mutum biyu da mahaifiyata ta tabbata Baba ya bar kuɗi a hannunsu, don a zaurenmu aka ƙirga na ɗayan tana ji. Kawuna ya je. Na farko ya ce sun yi lissafi sun rabu tun kafin tafiya, na biyu ya miƙe zai ɗauko Alƙur'ani ya dafa, kawu ya riƙe masa riga ya ce a bar wa Allah. Dukansu 'yan sahun farko ne a masallaci. Ba zan faɗi sunansu ba, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma abokan arzikina ne.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki, da hantsi, wani dogon mutum baƙi mai ɗingishi ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu a Jega. Bai yi sallama irin tamu ba, cewa ya yi, “Gafaranku dai masu gida.” Da na fito ya kwance wani ƙunshi daga bayan keken, buhun taki ne an naɗe an ɗaure da roba. Ya ce, “Yaro, wanga kuɗɗin mahaifinka na. Ya aje su wurina mu sayi albasa mu zuba rudu sai ta yi tsada. Zauna ka ƙirga.” Lokacin babu takardar kuɗi da ta wuce naira hamsin, sai da na yi kusan awa ina ƙirga hannuna yana rawa. Naira dubu 84 cif. Babu mahaluƙin da ya san da kuɗin nan a duniya, har mahaifiyata. Da su aka sallami masu bashi, aka sayi hatsin shekara, na zana jarrabawar fita.

Da na ba da labari a majalisa sai aka kwashe da dariya. Aka ce ai wannan taɓaɓɓen Aliero ne, tsohon soja, tun da ya dawo daga yaƙin Biyafara bai ƙara kai goshinsa ƙasa ba. Ku lura da kalmar nan, taɓaɓɓe, zan dawo kanta.

Bayan na gama makaranta na yi shekara huɗu ina rubuta masa lissafi a lokacin kakar albasa, a nan na san shi. Ya yi karatun allo har ya sauke, wani lokaci in na yi tuntuɓe a karatu shi yake gyara mini daga inda yake zaune yana kwance injin ban ruwa. Yana saurayi ya shiga soja, aka jefa shi runduna ta biyu ta Murtala Muhammad, wadda ta isa Asaba a watan Oktoban 1967. Ya ga abin da aka yi wa mazan garin nan, ya kuma ga abokansa da suka nutse a Kwara wajen ƙoƙarin ƙetarawa zuwa Anacha, can ya samo harsashin da ya bar masa ɗingishi. Sau ɗaya tak ya yi mini maganar, shi ma a taƙaice. Ya ce masu harbi da layu a damtse suna kiran Allah, waɗanda ake harbi su ma Shi suke kira da nasu yaren, shi kuma yana tsaye da bindiga yana sauraron amsa. Ya ce, “Ni ban ce ma kowa babu ba. Na biɗa ban samu ba, kuma ba ni iya tsayawa sahu in yi ƙarya.”

Ni kuwa da ƙuruciya da zafin sabon karatu na ce masa, to Baba, in ba ka tsoron hisabi, me ya hana ka cinye kuɗin mahaifina? Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya hana shi cin ƙasa. Ya ce, “Kuɗɗin nau na? Na ga abin da yunwa ka yi ma yara, da idona. In na ci su, ku goma sha ɗaya, da wa zan kwana cikin ɗaki in ba da kaina ba?”

Kada ku ɗauka waliyyi nake zana muku. Yana da zafin rai, yana zuƙar taba kamar bututu, kuma ya yi shekara ashirin ba ya magana da ƙanensa a kan iyakar gona. Amma ban taɓa ganin ya sa manyan albasa a bakin buhu ya cusa ruɓaɓɓu a tsakiya ba, abin da ya zama ruwan dare a kasuwanninmu har ba a ɗaukarsa laifi. Da azumi ba ya cin komai a idon mutane, ya ce kunya ce, kuma shi yake tashin matarsa sahur. Bai taɓa zagin addini a gabana ba, ko da wasa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne natsuwarsa. Mun saba jin cewa wanda ba ya salla zuciyarsa a ƙuntace take, ni ma haka na zata, na yi ta leƙen ƙuncin nan shekara huɗu ban gan shi ba. Da yamma zai zauna gindin mangwarorin da ya dasa da hannunsa, rediyo a gefe, jikokinsa suna hawa kansa, in dare ya yi ya nuna musu Zara da kaza da 'ya'yanta. In manomi ya kawo injinsa da ya mutu ana tsakiyar ban ruwa, sai ya kwana a kansa, ranar da injin ya tashi kuwa murnarsa ta fi ta mai injin. Ya taɓa ce mini tun da bai sa ran wata rayuwa bayan wannan ba, to wannan ɗin ba ta da ranar zubarwa. Ni na ji tsoron maganar, har yau ina jin tsoronta, amma haka ya faɗa kuma haka ya rayu.

Wannan ne mutumin da kuke so in cinna wa wuta.

Na san abin da za a ce, an ma riga an ce. Wai in marubuci ya nuna marar addini da halin kirki, ya yi wa kafirci talla. Haba jama'a! Ashe imaninmu ya yi raunin da sai an yi ƙarya za a tallafe shi? Ku buɗe littattafan Sira da muke karantawa tun muna Islamiyya. Muɗ'im bin Adiyyu bai musulunta ba har ya mutu, amma shi ya ɗaura makami da 'ya'yansa ya shigo da Manzon Allah (SAW) Makka bayan dawowa daga Ɗa'ifa, kuma Manzo bai manta masa da wannan ba har bayan yaƙin Badar. Abdullahi bin Uraiƙiɗ, ɗan jagoran da aka damƙa wa sirrin hanyar Hijira, a kan addinin mutanensa yake a lokacin. Yarjejeniyar taimakon wanda aka zalunta da aka ƙulla a gidan Abdullahi bin Jud'an tun kafin aiko Manzo aka yi ta, ya kuma yabe ta bayan an aiko shi. Malaman da suka rubuta tarihin nan ba su goge alherin mutanen nan don tsoron kada a ce sun yi wa shirka talla ba. Sai mu, marubutan littafin naira ɗari biyu, mu ne muka fi su kishin addini?

Mu dawo gida ma. Kakanninmu da suka zauna da Maguzawa sun san su da faɗin gaskiya da riƙon amana, sun kuma faɗa ba su ji kunya ba. Wanda ya taɓa zama ƙasar Zuru ya san yadda saurayin Badakkare yake shekaru yana noman golmo a gonar surukai don cika alkawarin aure. A shekarar 1974 aka buga laccar wani Bature, Anthony Kirk-Greene, a kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki, ya lissafa gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Ba shi ya ƙago su ba, a bakinmu ya ji. Musulunci ya zo ya ƙarfafa su ya ɗora musu lada, wannan haka yake. Amma Bahaushe da kansa ya san malami daban, mutumin kirki daban, shi ya sa in an haɗa su a mutum ɗaya ake yi masa kirari. In kun ce ai waɗancan suna da abin bautarsu ko da tsafi ne, to ga Tai Solarin a ƙasar Yarbawa, wanda ya fito fili ya ce shi ba ya bin kowane addini. Ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, ya ƙare rayuwarsa cikin gajeren wando na kaki yana koyar da 'ya'yan mutane har ya mutu a 1994, Musulmi da Kirista suna rububin kai masa 'ya'yansu.

Sai babbar hujjar da ake kawo mini: in babu tsoron Allah me zai hana mutum ɓarna? Tambaya ce mai nauyi, ni ma na yi ta. Akwai marasa addini 'yan iska, sosai ma. Amma ku juya tambayar ku ga yadda take cizo. A shekarar 2000 muka yi ta kabbara an kawo shari'a, daga Zamfara har nan Kabi, a watan Maris na shekarar aka yanke hannun Buba Jangebe a kan saniya. Shekara ashirin da wani abu ke nan, ku nuna mini hannun babban mutum ɗaya da aka yanke a kan kuɗin asibiti ko na makaranta. Waɗanda suka kwashe 'yan makarantar Birnin Yawuri a 2021 sunayen Musulmi gare su. Mai algus a mudu, da mai cin gadon marayu, da ma'aikacin da ke riƙe fanshon tsoho sai an ba shi goro, yawancinsu da alwala suke yi. Ba laifin addini ba ne, na yarda ɗari bisa ɗari, laifin mutane ne. To in salla a goshi ba ta zama shaidar amana ba, don me rashinta zai zama shaidar ha'inci? A gidanmu dai an gwada, kun ji sakamakon.

Yanzu kalmar nan, taɓaɓɓe. Na daɗe kafin in gane cewa ita ce ta bar mutumin nan da rai. Mutanen garinsu ba su iya ɗaukar cewa mai cikakken hankali, wanda suke ba ajiya suna kwana da daɗi, zai rasa imani ba, sai suka yi masa rigar hauka suka huta. Abin da aka yi wa Mubarak Bala ke nan a Kano a 2014, da ya gaya wa danginsa ya bar addini aka kai shi sashen masu taɓin hankali. Shi bai yi shiru irin na mutumina ba, ya yi ta rubutu a Facebook, wasu kalaman nasa ni ma sun ƙona mini rai kuma ba zan kare su ba. Aka kama shi a Kaduna a Afrilun 2020, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a Afrilun 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta mai da su biyar a 2024, daga baya ya fito. Shi ya ma ga alƙali. Deborah Samuel ba ta gani ba, a kwalejin Shehu Shagari ta Sakkwato ɗalibai 'yan'uwanta suka kashe ta suka ƙona a watan Mayun 2022. A Yunin 2023 aka kashe Usman Buda, mahauci, a mayankar Sakkwato, shi kuwa Musulmi ne mai salla, magana ce aka ce ya faɗa. Wutar in ta tashi ba ta tambayar katin shaida.

To 'yar'uwata mai tankar mai, ki yi haƙuri, amma wutar da kike so in rubuta da wadda aka kunna a Sakkwato dangin juna ne. Yaron da ya tashi yana karanta littafi bayan littafi, a kowanne wanda ya kauce sai ya ƙone ko ya haukace kuma marubuci yana tafi, ranar da aka nuna masa mutum aka ce ga wanda ya kauce, ya riga ya san yadda labarin yake ƙarewa. Mu marubuta ya kamata mu fi kowa tsoron ashana. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tara littattafanmu a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, bayan nan hukumar tace fina-finai ta Malam Rabo ta ce sai mun yi rajista kafin mu yi rubutu. Mun yi kuka a lokacin mun ce ba a karanta mu ba aka yanke mana hukunci. Yau mu ne muke rabon hukunci.

Mu 'yan Jega ma muna da abin tunawa a gindinmu. Malam Abdussalami na Gimbana almajirin Shehu Usmanu ne, harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa yana cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya saɓa da Sarkin Musulmi Bello, aka yi masa hukuncin ridda aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari shi ya kafa garin nan da nake zaune ina wannan rubutu. Ba ni da ilimin da zan shiga tsakanin manya, amma na san kalmar da ta hau kan malami irin wannan ba abin da ɗan sakandare irina zai riƙa wasa da ita a ƙarshen littafi ba ne don masu karatu su ji daɗi.

Ga yadda mutumina ya ƙare, tun da ƙarshe kuke so. Bayan 2000 samari masu sabon wa'azi suka ƙi yarda da zancen hauka, suka matsa wa dangin matarsa har suka zo suka tafi da ita, tana kuka yana kuka, bayan zaman shekara talatin. An fasa auren 'yar autarsa saura mako biyu. Bai kai ƙara ba, bai kuma yi salla don a dawo masa da ita ba, ko da yake har ni na roƙe shi ya yi ko don idon mutane. Ya ci gaba da gyaran injuna, mutanen da suka daina gaishe shi suka ci gaba da aiko masa ajiya ta hannun yara. Da damina ta 2011 ya kwanta kwana shida da ciwon ƙirji, ya cika a kan gadonsa da asuba, babbar 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Aka yi cirko-cirko a ƙofar gida, ba wanda ya ce a yi masa salla, ba a kuma yi ba. Wani tsohon malami maƙwabcinsa, wanda ya yi shekaru yana yi masa nasiha ba ta shiga ba, shi ya fito da magirbi a kafaɗa ya ce haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi ba. Mu shida muka rufe shi a gefen gonarsa. A ƙarƙashin katifarsa aka sami wani littafin makaranta, da sunan duk mai ajiya da adadin kuɗinsa, kowane ƙunshi kuma yana cikin akwati da suna a jiki. Kwana biyu muka yi ni da malamin nan muna rabawa, har Maiyama muka kai na wata bazawara.

Inda yake yanzu ba ni na sani ba, ba kuma ku ba, yana hannun Wanda ya halicce shi. Babi na 15 zai fito ranar Asabar in Allah ya kai mu, kuma Ɗan'azumi yana nan da ransa yana gyaran inji. Wadda ta ga ba za ta iya ba, ga labaran soyayya nan birjik, ba zan ji haushi ba.